Lambun gida da yara a Zangon Kumasi

Lambun gida, a unguwannin Hausawa na Kumasi, shi ne 'yan shuke-shuken ganyen miya da ake yi a bayan ɗaki, ko gindin katanga, ko cikin buhu da bokiti a tsakar gida, domin tukunyar iyali. Iyaye mata da kakanni ne suka fi riƙe shi. A lokacin dogon hutun makaranta kuwa, wanda yawanci yakan kama daga Agusta zuwa farkon Satumba, rabin aikin yakan koma hannun yara, su yi ban ruwa da sassafe kafin makarantar allo, su dawo da yamma su duba abin da ya tsiro.

Asali

Kumasi, babban birnin yankin Ashanti a Gana, tana cikin ƙasar kurmi, kuma an daɗe ana yi mata laƙabi da birnin lambu, sunan da ake dangantawa da tsarin gari da Baturen Ingila mai zanen gine-gine, Maxwell Fry, ya zana a 1945. Noman bayan gida ya ƙara ƙarfi a 1972, lokacin da gwamnatin soja ta Acheampong ta fito da shirin Operation Feed Yourself, aka kwaɗaitar da gidaje da makarantu kowa ya noma abin da zai ci.

Yau laƙabin ya fi birnin kore. A unguwannin Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line gidajen haya sun cika maƙil, an shafe tsakar gida da siminti, filin da da can ake shuka masara a ciki an tayar da ɗakuna. Shi ya sa lambun Zango ya koma na cikin mazubi: buhun shinkafa, bokitin fenti, bahon da gindinsa ya tsage, da galan ɗin nan rawaya da ake kira galan Kufuor idan an yanke shi biyu. Ledar fiya wata ma ba ta zama shara ba, a ciki ake renon iri.

Lokaci

Kumasi na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kuma damina biyu gare ta. Babbar takan fara a Maris ko Afrilu ta kai Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsakaninsu, a Agusta, ruwa yakan ɗan ɗauke, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi. Hutun yara a wannan taga yake faɗawa, kuma ya dace da lambu: babu rana mai ƙona tsiro, babu mamakon da zai wanke iri daga buhu. Sai dai ba a dogara da sama a wannan wata, dole a bi shuka da ruwa kusan kullum.

Abin da ake shukawa

Babban ma'auni shi ne sauri. Hutu bai wuce 'yan makonni ba, kuma yaron da bai ga ganye a tukunya ba kafin a koma aji da wuya ya sake kula buhu. Saboda haka alefu, wato alayyahu, shi ne na gaba. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya shi da yashi kafin a yafa, in ba haka ba ya fito a cunkushe wuri ɗaya. Cikin kwana 3 zuwa 5 yakan tsiro, a mako na 3 ko na 4 a fara tsinka. Idan aka yanke kan aka bar gindin, yakan sake tofo.

Ayoyo, wanda Hausawan Najeriya ke ce wa lalo, shi ne abokin tuwon zafi, kuma shi ya fi ba masu sabon hannu haushi, domin ƙwayarsa tana da tauri, takan yi kwanaki a ƙasa shiru. Maganin da masu lambu ke yi shi ne a ɗaure irin a ƙyalle, a tsoma cikin ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, a cire a shanya a inuwa, sannan a shuka. Wannan aikin babba ne, ba a barin yaro da tafasasshen ruwa. Ayoyo yakan isa yanka cikin mako 4 zuwa 6.

Kuɓewa ta fi su jinkiri, sai wajen mako 6 zuwa 8 take fure, amma ita ce ta fi koya wa yaro lura. Furenta rawaya mai duhun ciki da safe yake buɗewa, kafin dare ya yi yaushi ya faɗi, ya bar ɗan tsinin 'ya a gurbinsa. Bayan kwana 4 zuwa 6 ya isa tsinka. In aka yi sake ya wuce, ya zama icce, sai dai a bar shi ya bushe a jiki a sami irin baɗi. Wake kuma yana da nasa abin kallo a ƙarƙashin ƙasa: idan aka tumɓuke gindi ɗaya za a ga ƙananan ƙulli a jikin saiwa, a nan ƙwayoyin halittar da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska suke zaune, dalilin da ya sa ƙasar da aka shuka wake take yi wa ganye kyau daga baya.

Daga maƙwabta Asante aka ɗauko gwaza, wadda ganyenta ake kira kontomire. Tana son inuwa da laima, don haka takan rayu a lungun da sauran ba sa yi. Ɗanyen ganyenta yana ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro, sai an dafa. Ana kuma samun barkono, gauta, yakuwa, shuwaka da zogale. Tumatir dai kowane yaro shi yake so ya shuka, kuma shi ya fi mutuwa, domin laimar Kumasi tana jawo masa cututtukan ganye da na saiwa.

Ƙasa, ruwa da maɓarnata

Ana haɗa baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda gindin mazubi domin ruwa ya tsiyaye. Kashin kaji yana samuwa saboda yawan gonakin kaji a kewayen birnin, amma ɗanyensa yana ƙona tsiro, sai ya kwana makonni a tsibi ya huce. Kashin tumaki da awaki ya fi sauƙin sha'ani.

Maganar ruwa ita ce mai nauyi. Rafukan da suka ratsa gari, irin su Subin da Aboabo, suna ɗauke da ƙazantar kwata, bai kamata a zuba ruwansu a kan ganyen da za a ci ba. Ruwan sama da aka tara, da na wankin shinkafa, da na alwala, sun isa lambun buhu goma. Duk randa ko durom da aka tara ruwa a rufe ta, domin sauro yakan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar kwana 7 zuwa 10.

Ga tsutsa da ƙwarin ganye ana jiƙa dakakken ganyen darbejiya a yayyafa, ko a barbaɗa toka. Dodon koɗi da dare yake ɓarna, da safe yara su tsince shi. Amma babban maɓarnaci yana da ƙafa huɗu. Akuyar maƙwabta ko ragon layya kan share aikin wata guda kafin a idar da sallar la'asar, shi ya sa ake ɗora buhuna a kan benci ko a kewaye su da tsohon gidan sauro.

Buhu shida na ganye sun isa su tara halittu. Tana a cikin ƙasa, ƙoƙi-ƙoƙi a kan reshe, kwaɗo a ƙarƙashin baho, ƙadangare mai jan kai yana farautar tururuwa a katanga. Kakanni sukan hana kashe kwaɗo da ƙoƙi-ƙoƙi, kuma suna da gaskiya, ƙwari suke ci.

Fita wajen unguwa

Iyalai da makarantun Islamiyya sukan haɗa hutu da ziyara. Gidan namun daji na Kumasi, wanda aka buɗe a 1957 kusa da kasuwar Kejetia, yana da dubban jemagu masu cin 'ya'yan itace a kan bishiyoyinsa, da magariba su tashi su rufe sama. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) tana da lambun tsirrai, kuma a 2015 aka buɗe wurin shaƙatawa na Rattray. A dajin Bobiri, kusa da Kubease a kan hanyar Akara, akwai nau'in malam-buɗe-littafi kusan 400. Owabi, a arewa maso yammacin birnin, mafakar tsuntsaye ce da ke kewaye da madatsar ruwa, an sa ta cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, a 1988. Tafkin Bosomtwe kuwa, mai nisan kimanin kilomita 30 kudu maso gabas, ramin wani dutse ne da ya faɗo daga sararin samaniya shekara wajen miliyan ɗaya da ta wuce, ruwan sama da ƙananan rafuka ke cika shi, ba shi da kogin da yake fita daga cikinsa.