Waiwaye: Tun Yaushe Ake Gangarawa da Matafiya Ƙarƙashin Ƙasa?

Muhawarar da ake tafkawa tsakanin marubuta da makaranta a Kano kwanakin nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tushenta wani salon labari ne da ya cika wayoyin matasa. Mota ta tashi daga tashar Unguwa Uku da sassafe, ba a yi nisa ba hanya ta ɓace, wasu halittu masu ido kamar fitilar ƙwai suka yi awon gaba da fasinjoji, suka zuba su cikin kejin ƙarfe, aka yi ta gangarawa da su hawa bayan hawa har wani birni da bai taɓa ganin rana ba. A can akwai injina, akwai ɗakunan gwaje-gwaje, akwai sarkin da yake neman wani abu a jinin ɗan Adam. Sunaye ne kawai ke canzawa daga wannan marubuci zuwa wancan.

Masu suka kashi biyu ne. Wasu sun ce kwaikwayon finafinan Turawa ne tsagwaronsa, an dai cire wa jarumi wando an sa masa kaftani. Wasu kuma abin ya fi yi musu ciwo: a ƙasar da ake tare hanya ana kwashe matafiya da gaske, ina dalilin mayar da garkuwa da mutane abin nishaɗi? Duka ɓangarorin sun haɗu a kan zato guda, wai abin jiya-jiya ya faɗo mana daga sama. A nan ne na rabu da su, domin ni da ƙuruciyata na sha biyan kuɗin haya in karanta irin wannan labari, tun babu wanda ya taɓa riƙe wayar salula a unguwarmu.

Abin da kowa ya sani ba sai an ja shi ba. A 1933 aka yi gasar rubutun zube a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa. Cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawu ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Ke nan matafiyin da aka kama yana cikin adabinmu na boko tun ranar farko. Ƙarƙashin ƙasa kuwa ya girme shi. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kogon kuka da suri da tsohuwar rijiya ba a wasa da su, 'yan bori suna da birninsu na Jangare, Dare Dubu da Ɗaya ya kawo mana Sindbad da aka binne da rai a kogo. A makarantar allo kuma mun ji yadda ƙasa ta haɗiye Ƙaruna da gidansa, mun ji sammai bakwai da ƙassai bakwai, mun ji Yajuju da Majuju a bayan katangar Zulƙarnaini.

Turawa su ma suna da nasu. Bafaranshe Jules Verne ya fitar da labarin tafiya tsakiyar duniya a 1864, inda aka shiga ta bakin dutse mai aman wuta a Aisland aka fito ta wani a Italiya, sai dai mutanensa da ƙafarsu suka sauka, ba wanda ya ɗaure su. Wanda ya haɗa kamu da gangarawa shi ne Baturen Ingila H. G. Wells a 1901: mutum biyu suka je wata, halittu masu kama da ƙwari suka ɗaure su suka yi cikin watan da su. A wajenmu, idan ana maganar labarin kimiyya sai a ambaci Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da aka taka wata. Amma shi sama ya nufa. Galibin masu ba da tarihi daga nan sai su yi tsalle su dira kan zamanin WhatsApp, kamar ba a yi komai a tsakani ba.

An yi kuwa. Abin da aka tsallake shi ne zamanin littattafan yaƙi.

Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausa, waɗanda zuwa ƙarshen shekarun 1980 sun zama samari da 'yan mata masu ƙishirwar abin karantawa. Marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, aka sami abin da daga baya aka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. Da an faɗi wannan suna sai hankalin kowa ya tafi kan littattafan soyayya. Su aka yi ta cacar baki a kansu a jaridu, su ɗalibai suka rubuta kundaye a kai, su manazarta daga ƙasashen waje suka zo nema. Amma a teburin mai haya ɗaya, gefe guda, akwai wani tari mai bangon da aka zana ƙato riƙe da takobi, ga maciji mai kai bakwai a bayansa. Waɗannan na samari ne da yaran shago da masu jiran kanti. Ba wanda ya ɗauke su da muhimmancin da zai zage su ma, balle ya yi nazarinsu, shi ya sa suka yi ta girma ba a lura ba.

Sai an san yadda ake buga su za a gane dalilin da ya sa ƙasa ta yi ta tsagewa a cikinsu. Marubuci ba shi da jarin fitar da labari dunƙule. Zai buga littafi na ɗaya, ɗan siriri, ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, abin da ya dawo ya buga na biyu da shi. Idan na ɗaya bai bar mai karatu da ƙaiƙayi ba, na biyu ba zai ga maɗaba'a ba. Marubuciyar soyayya takan yanke labari ana gobe ɗaurin aure. Marubucin yaƙi fa, a ina zai yanke? A bakin ƙofa. Jarumi ya kashe mai gadi, ƙofar dutse ta buɗe, wani haske ya dalle masa ido, sai ka ga an rubuta a nemi littafi na gaba.

To babu wurin da ya kai ƙarƙashin ƙasa yawan ƙofofi. Mai karatu ya riga ya zo da adadin bakwai a kansa, marubuci bai sha wahalar gamsar da shi ba. Kowane hawa da sarkinsa, da irin halittarsa, da makamin da ke cin ta. An sami littafi huɗu ko biyar ke nan ba tare da an sake ƙirƙiro wata sabuwar hanya ba. Sa'annan akwai wani sauƙin da ba a cika faɗa ba. In ka rubuta cewa akwai teku a Agadas, direban da ke zuwa can zai ƙaryata ka a gaban jama'a. In ka ce a hawa na huɗu akwai kogin narkakken azurfa, wa ya je balle ya musa? Yaron da bai taɓa wuce Wudil ba yana iya gina duniya sukutum a ɗakin zaure.

Kamun ma daga nan ya samo gindin zama. Matafiyi mai 'yanci yana iya cewa ya fasa, ya juya gida, kuma mai karatu mai wayo zai tambaya me ya hana shi. Wanda aka ɗaure da sarƙa ba shi da wannan zaɓi, dole ya bi inda aka ja shi, dole mu bi shi. Shi ya sa za ka ga ayarin fatake ne aka fi farawa da su, ko 'ya'yan sarki da suka fita farauta, a yi musu ƙawanya tun shafi na goma. Kuma tunda ayari ne, akwai wanda za a kashe a kowane hawa ba tare da an taɓa jarumi ba. Mu da muke karantawa har caca muke yi a kan wanda zai riga mutuwa; mai yawan surutu da matsoraci ba sa wuce littafi na biyu.

Ina tuna mai hayar da muke zuwa wajensa a bakin wani lungu kusa da Mandawari. Yana da littafin rajista da ya fi littattafan hayar kauri. Ranar da na mayar da na biyu na tarar wani ya riga ni ɗaukar na uku, na tsaya kamar zan yi kuka. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, je ka ka dawo jibi, ai ba fitowa za su yi ba, suna can inda ka bar su." Na ce, "Malam, don Allah ko wane ne ya ɗauka faɗa mini gidansu." Dariya kawai ya yi. Yayana, wanda yake ɗaukar karatun nan shiririta, da daddare sai in ji yana cewa, "Kai, karanto mana mu ji, sun tsere ko?"

Yadda aljani ya koma inji kuwa a hankali ya faru, kuma a idona. Yaran da suka ƙoshi da waɗannan littattafai sun shiga sakandare, wasu ajin kimiyya, sun ji sunan iskar oksijin da maganaɗisu da ƙwayar halitta. Gidajen kallo da faya-fayan bidiyo sun ƙara musu siffofin da za su ara. Ga kuma ƙorafin iyaye cewa bokaye da tsafi sun yi yawa a abin da yara ke karantawa. Da waɗannan yara suka ɗauki alƙalami sai suka sami mafita mai sauƙi: madubin tsafi ya zama allon kwamfuta, zoben sihiri ya zama na'urar ɗaurawa a hannu, ifiritu mai gadin ƙofa ya zama mutum-mutumi, boka ya sa farar riga ya koma farfesa. Ginin bai motsa ba ko taku ɗaya. Wanda ya ce daga fim aka kwaso komai, fentin ya gani.

Da kasuwar littafin takarda ta ja baya, labari ya koma waya, abin da ya haifi salon bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Da marubuci yana buƙatar ƙofa ɗaya a ƙarshen kowane littafi. Yanzu da ake sakin labari shafi-shafi, a ba ka na farko kyauta a ce ka biya kafin ka ga sauran, kullum sai ya nemo ƙofa. Masu karanta littafi a YouTube su ma haka. Hawa bakwai ya daina isa.

Inda nake ganin masu suka sun bar nama suka kama ƙashi shi ne kimiyyar kanta. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola na Rasha. An fara shi a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, zurfin da bai kai rabin tafiyar Kano zuwa Wudil ba, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kusan kilomita 6,371 ne. Faɗin ramin bai fi santimita 23 ba, babban mutum ba zai shiga ba, zafin ƙasansa kuma ya kai wajen digiri 180. Sautin nan da ake ta turawa a waya wai kururuwar mutane ce aka naɗo daga cikinsa ƙarya ce aka haɗa. A Afirka ta Kudu, mahaƙar zinare ta Mponeng ta kai wajen kilomita 4, kuma sai an yi ta tura sanyi ƙasa kafin ma'aikata su iya tsayuwa. Amma a labaranmu za a gangara da mutum kilomita ɗari yana sanye da babbar riga, ko gumi bai yi ba. Ba na ce a hana ƙirƙira ba. Da dai marubuci ya san da zafin nan da nauyin dutsen da ke bisa kai, da ya sami abin tsoron da ya fi dodo, kyauta. Sai dai ina zai karanta wannan da Hausa? Littattafan yaƙi sun cika teburin mai haya, na bayanin yadda ƙasa take kuwa ban taɓa cin karo da ko ɗaya a wajen ba.

Maganar ciwon garkuwa ba ta wasa ba ce, kuma ba zan ce wa wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa ya ji daɗin irin wannan labari ba. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, wanda sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshen waɗanda aka kama, kalmar fasinja ta ƙara nauyi a kunnen kowa. Abin da na lura shi ne tsoron yau ya shiga cikin tsohon gini ya zauna. Da fatake ake kamawa a dajin da ba shi da suna. Yanzu ɗalibai ne da 'yan kasuwa a motar haya, kuma za ka ga marubuci ya tsaya yana bayyana yadda aka ƙwace wayoyi, yadda ake rabon ruwa da murfin jarka, yadda wata uwa ke ɓoye yaronta a bayan zani. Waɗannan ba daga littafin yaƙi aka gado su ba. Ko hakan cin riba ne da hawayen mutane, ko kuwa hanya ce da matasa ke taɓa abin da suke tsoro ba tare da sun ambaci sunansa ba, ya danganta da hannun da ya rubuta, kuma na karanta iri biyun.

Kwanan baya ina kwashe kaya a ɗakin mahaifiyarmu na ci karo da guda uku cikin littattafan nan a ƙasan adaka, waɗanda na saya daga baya da na fara samun kuɗin kaina. Bangon na farko ya cire, asu ya ci gefen na biyu. Ɗan ƙanwata, wanda ke bin wani labarin birnin ƙarƙashin ƙasa a wayarsa, ya ɗauka ya karance su a kwana biyu, sa'annan ya zo ya tsaya a kaina. "Kawu, ina na huɗun?" Na ce masa ban taɓa samun sa ba, ban ma tabbatar an buga shi ba. A iya sanina fataken nan suna hawa na shida, an rufe su a ɗakin tagulla, saura su uku.