Dokta ne amma har yanzu yana kwana kan takarda: yadda dokar ƙarin girman malaman jami'a take a Kamaru

Ranar da ƙanena ya shigo gida da daddare da buhun takardun jarabawa ɗaure a bayan mashin, Goggo ta bi shi da kallo ta ce, "Ɗan nan, ba an ce ka gama karatun har ka zama dokta ba? To wane karatu ne kuma yake hana ka barci?" Ya durƙusa ya gaishe ta sannan ya ce, "Goggo ai yanzu aka fara, in ban yi rubutu ba aikin ma zai iya kuɓuce min." Shiru kawai ta yi. Kuma na san gidaje da yawa a nan Garwa da Marwa da Ngaundere haka abin yake, ana ganin yaro ya samu koyarwa a jami'a shi ke nan ya huta, alhali akwai doka a kansa mai ƙirga masa shekaru.

Dokar ita ce dikiri mai lamba 93/035 na ranar 19 ga Janairu 1993, wanda ya tsara matsayin malaman manyan makarantu, ya fito ne lokacin babban garambawul ɗin da ya raba jami'ar Yaunde aka samu jami'o'i shida har da ta Ngaundere. Matakai huɗu ne. Na ƙasa asistan, sai sharje-da-kur, sai metir-da-konferans, sai farfesa. Dokta kuwa ba mataki ba ne a wurin aiki, sunan digiri ne kawai, mutum zai iya zama dokta shekara da shekaru yana matakin farko. Wannan shi ne abin da mutanen gida ba su cika ganewa ba.

Inda abin ya fi zafi shi ne matakin asistan. Shi asistan da kwantiragi ake ɗaukarsa, na shekara 2, ana iya sabunta masa sau 2, wato shekara 6 ke nan gaba ɗaya, a cikinsu ake so ya haye zuwa sharje-da-kur, a nan ne yake zama cikakken ɗan gida a aikin. Kun tuna a ƙarshen 2018 da shugaba Paul Biya ya ba da umarnin ɗaukar masu digirin doktora 2000, wato 1000 a 2019, 500 a 2020, 500 a 2021? Duk murnar da aka yi a lokacin, da walima da addu'a, to ta wannan ƙofar galibinsu suka shiga, kuma tun ranar da suka sa hannu agogo ya fara tafiya.

To wa ke ƙara girman? Ba shugaban jami'a ba ne zai ga dama ya ce daga yau kai farfesa ne. Akwai kwamiti na ƙasa da ake kira CCIU, ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi, manyan malamai na kowane fanni ne ke zama su duba dosiye, wato fayil ɗin takardun mai neman ƙarin girma. Malami zai haɗa takardunsa, digiri, shekarun da ya yi a matakin da yake, rahoto kan koyarwarsa da halinsa a wurin aiki daga shugabanninsa, sai kuma uwa uba maƙalolin binciken da ya buga a mujallun ilimi. In aka amince sai a sa sunansa cikin jerin waɗanda suka cancanta, in aka ƙi sai ya gyara ya jira wani zaman. Yawan maƙalolin ya danganta da fanni da kuma matakin da ake nema, kuma kana hawa sama ana ƙara tambayarka ɗalibai nawa ka duba wa aikin masta, daga baya kuma na doktora, don duba aikin doktora hurumin manyan matakai biyun nan ne.

'Yan uwanmu na Cadi su ta CAMES suke bi, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da aka kafa a Yamai a 1968 mai hedkwata a Wagadugu, can kuma metir-asistan suke cewa a mataki na biyu. Mu ma a Kamaru malaman fannin shari'a da tattalin arziki da likitanci suna zuwa gasar ƙarin girma ta CAMES ɗin da ake kira agiregasiyon, wanda ya ci ya zama metir-da-konferans kai tsaye.

Yanzu ga abin da ke damuna, kuma shi ya sa na yi wannan rubutun. A takarda aikin malamin jami'a kashi uku ne, koyarwa da bincike da taimakon ci gaban al'umma. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa haɗa dosiye, zai ce maka maƙala ce ke ɗaga mutum. Rahoton koyarwa ana sa shi a ciki, amma ban taɓa jin malami yana kwana da fargabarsa ba kamar yadda yake kwana da fargabar mujalla. Na ga ƙanena a watan Afrilu, zafin Garwa ɗin nan da ko tabarma ba ta kwantuwa, wuta ta ɗauke, ya jingina wayarsa da kofin shayi yana haska takardun 'yan shekarar farko, jan biro a hannu, yana rubuta wa kowane yaro inda ya kuskure a gefen takarda. Na ce masa, "Kai ba ka ce kana da maƙalar da za ka aika ba?" Ya ce, "Yaya, in na zauna kan maƙalar waɗannan yaran maki kawai za su gani ba su san me suka ɓata ba, in kuma na zauna kansu kwamiti ba zai ga wannan daren ba." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Sannan a duba wani abu, mai koyarwa a lise, wato sakandare, sai ya shiga makarantar horon malamai, irin ENS ta Marwa da aka buɗe tare da jami'ar a 2008, a koya masa yadda ake tsara darasi da yadda ake auna fahimtar ɗalibi, har ya je aji a gwada shi. Shi kuwa mai doktora, abin da digirinsa ya shaida shi ne ya iya bincike. Ranar farko sai ga shi gaban amfi, wato babban ɗakin lacca, cike da ɗalibai, na baya ko allo ba sa gani, wasu da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa suke tunani kafin su juya zuwa Faransanci, kuma abin da zai dogara da shi shi ne yadda ya ga nasa malaman suna yi, mai kyau da maras kyau. Tsarin LMD da aka shigo da shi tun wajen 2007, wato lisans (digirin farko) da masta da doktora, cewa ya yi ɗalibi ya riƙa aiki da kansa malami na bibiyarsa da gwaje-gwaje cikin zango, to wa ya koya wa malamin yin hakan da ɗaruruwan yara?

Ba wai ina cewa a daina neman maƙala ba, a'a, jami'ar da ba ta bincike ai lise ce babba. Gwamnati ma tun 2009 ta ware alawus na musamman don bincike da ake biyan malamai gwargwadon matakinsu, kuma jinkirin biyansa na cikin abubuwan da ƙungiyar malamai ta SYNES ta sha shiga yajin aiki a kai. Amma matsin nan na a buga ko a rasa aiki shi ke tura wasu hannun mujallun bogi na intanet, waɗanda ka biya kuɗi kawai su buga maka ba wanda ya karanta, kuɗi ya tafi, kwamiti kuma na iya watsi da ita. Ni a ganina da za a ba koyarwa nauyi na gaske a dosiye, a shiga aji a ga malami yana aiki, a ji ta bakin ɗalibai, a kuma wajabta wa sabon asistan ɗan horo kan koyarwa kafin a miƙa masa amfi, da yaranmu sun fi amfana. Kuma malamin da ya zauna ya binciki ajinsa, me ya sa rabin yara ke faɗuwa a darasi kaza, me ya canza da ya sauya salo, ya rubuta ya buga, wannan ma bincike ne, ya kamata a ƙirga masa shi da daraja ko da fanninsa kimiyya ne ko tarihi.

Ƙanena dai ya haɗa nasa dosiyen, kwafi-kwafi har da na maƙalolin, ya kai ya dawo yana jiran zaman kwamiti. Da na yi wa Goggo wannan bayanin duka, tambaya ɗaya ta yi min, shekara nawa suka rage masa cikin shidan. Na ce biyu. Ta ce a kira mata shi ya ci tuwo tukuna kafin ya koma kan takardun.