Wai baƙin ramin sararin samaniya rami ne da gaske?

Rami ne irin na rijiya?

A'a, sunan ne kawai ke ruɗa mutane. Abu ne mai nauyin tsiya da ya dunƙule a ɗan ƙaramin wuri, har ƙarfin jansa ya kai ko haske in ya faɗa ciki ba ya fitowa. Da za a matse duniyar nan tamu kaf, da duwatsunta da tekunanta, ta koma ƙasa da girman goro ɗaya, to ita ma ta zama baƙin rami.

To ba zai haɗiye mu ba?

Kwantar da hankalinka malam. Ko ranar nan ce ta rikiɗe ta zama baƙin rami mai irin nauyinta, duniya za ta ci gaba da zagayenta yadda ta saba, duhu da sanyi ne dai za su gama da mu. Wanda ke tsakiyar tarin taurarin da muke ciki ya ninka rana sau miliyan 4 a nauyi, amma hasken can sai ya yi shekara wajen 26,000 kafin ya iso nan.

Tauraron nutron fa?

Shi kuma gawar ƙaton tauraro ne da makamashinsa ya ƙare ya fashe, cikinsa ya rufta amma bai kai ga zama baƙin rami ba. Faɗinsa kilomita 20 ne ko ɗan sama, kuma ya fi rana nauyi, cokalin shayi ɗaya nasa sai ya kai tan biliyan. Jocelyn Bell ce ta fara jin sigina daga irinsa a 1967 tana ɗaliba a Cambridge, amma da aka zo rabon kyautar Nobel kan wannan binciken a 1974 ba a sa sunanta ba, abin da har yau yake min ciwo.

Abin da ba ya haske, ta yaya aka gan shi?

Einstein ya ce in manyan abubuwa suka yi karo sararin kansa girgiza yake yi, kamar ka jefa dutse a kududdufi. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka, masu hannuwa biyu kowanne kilomita 4, suka kama girgizar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu. A 2019 aka fitar da hoton inuwar baƙin ramin da ke tsakiyar wani tarin taurari mai suna M87. A Agustan 2017 kuwa taurarin nutron biyu aka kama suna karo, kuma a irin wannan karon ake ƙera zinare, don haka ba mamaki wani ɓangare na ɗan kunnen amaryarka daga can ya fito.