Ƙurɗuba, garin su Imam Ƙurɗubi

Ƙurɗuba, wadda 'yan Sifaniya ke kira Córdoba, birni ne a yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya, yana bakin kogin Guadalquivir (sunan ma Larabci ne aka murɗe, Wadil Kabir). Mutanensa a yau sun ɗan haura dubu 300, kuma zafi kam ba a magana, a Yulin 2017 sai da ya kai digiri 46.9.

Rumawa ne suka kafa garin tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, a nan aka haifi masanin falsafarsu Seneca. Musulmi sun shigo a 711, amma tauraron garin bai haska ba sai da Abdurrahman Addakhil, ɗan gidan Banu Umayya da ya sha da ƙyar daga hannun Abbasiyawa, ya kafa mulkinsa a nan a 756. Abdurrahman na uku ya ayyana kansa halifa a 929, ya gina sabuwar fada Madinatuz Zahra a yammacin gari, wadda ba ta ko cika shekara ɗari ba aka wawashe ta a lokacin fitinar yaƙin basasa. Halifancin ya wargaje a 1031, Sarki Fernando na uku na masarautar Kiristoci ta Kastila ya ci garin a 1236.

Almajiran ƙasar Hausa sun san sunan garin tun kafin su san inda yake, saboda mai tafsirin nan Ƙurɗubi (ya rasu a Masar a 1273) da Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid, wanda aka haifa a 1126, alƙali ne ɗan Malikiyya kuma likita, Turawa na ce masa Averroes. Ibn Hazm ma ɗan garin ne, haka malamin Yahudawa Musa bin Maimun.

Abin kallo dai babban masallacin ne, da aka fara ginawa wajen 785, sarakuna suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara 200. In ka shiga ginshiƙai ne sama da 800 jere reras kamar gonar dabino, kowanne da baka hawa biyu mai ratsin ja da fari, ga mihrabin Halifa Alhakam na biyu da aka yi wa ado da ƙananan duwatsun gilas masu ruwan zinare, alƙiblarsa ma kudu ta fi kallo. Yanzu fa coci ne, tun 1236, kuma a 1523 aka fasa tsakiyarsa aka dasa ƙatuwar majami'a, hasumiyar kiran salla kuma aka lulluɓe ta da ginin ƙararrawa, ba a barin kowa ya yi salla a ciki. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1984.

Akwai kuma gadar Rumawa mai baka 16, da tsohuwar unguwar Yahudawa mai lunguna matsattsu. A watan Mayu masu gidaje kan buɗe tsakar gidajensu da suka cika da tukwanen furanni har saman bango, kowa ya shiga ya kalla, ana gasar wanda nasa ya fi kyau.