Martanin dakarun ƙasa ga luguden igwa

Martani ga luguden igwa horo ne da ake ba sojojin ƙasa domin su san abin yi idan harsasan manyan bindigogi suka fara sauka a kansu daga inda ba sa ganin mai harbin. Ana maimaita shi a atisaye har sai jiki ya haddace, don a lokacin da wuta ta sauko babu sararin shawara. Ginshiƙinsa biyu ne: a kai jiki ƙasa nan take, sannan shugaba ya yanke ko a bar wurin ko a zauna. Na farkon ba ya canzawa sosai. Na biyun kuwa ya danganta da ko sojan yana fili ne ko yana cikin rami.

Makaman da ake magana a kai

Igwa babba, irin mai bakin milimita 105, 122, 152 ko 155, tana harbi daga nesa. Mai milimita 155 tana wuce kilomita 20. Akwai kuma ƙaramar igwa da sojoji ke kira mota (ba ta hawa ba), wadda sunanta a Turanci ya samo asali daga turmin daka saboda siffar na dā. Irin ta zamani ta fito ne a 1915 daga hannun wani injiniyan Birtaniya, Wilfred Stokes. Bututu ne kawai da faranti da ƙafafu biyu, mutum uku ko huɗu sun isa su ɗauka, kuma mai milimita 81 tana kai wajen kilomita 5. Tana cilla harsashi sama ya yi baka ya faɗo kusan a tsaye, shi ya sa katanga ko bayan tudu, da kan tsare harsashin bindiga, ba sa tsare ta. Ga shi kuma ba ta da yawan kuka. Sau da yawa fashewar farko ce sallamarta.

Abin da ya fi kisa ba ƙarar ba ce ko hucin fashewar, gutsattsarin ƙarfen ne. Idan harsashi ya fashe a ƙasa, yawancin ƙarafan kan watsu gefe da sama, don haka wanda ke tsaye ya ba su jikinsa duka, wanda ke kwance kuwa kaɗan ya bari. A Yaƙin Duniya na Ɗaya igwa ce ta yi sanadin fiye da rabin raunuka da mace-macen fagen daga, abin da ya sa Faransa da Birtaniya suka fito da hular kwano a 1915, Jamus ta biyo baya a 1916.

Idan wuta ta riski soja a fili

Duk wanda ya fara ji ko gani shi ke yin ihu, ko da kurtu ne, ba a jiran hafsa. Kowa ya faɗi rub da ciki inda yake, ko cikin kwari ko lambatu idan taku biyu ne ko uku. Fuska a ƙasa, gaɓoɓi a tattare, bindiga a hannu. Gudu a daidai lokacin da harsasai ke fashewa shi ne babban kuskure, kuma shi ne abin da zuciya ke fara raya wa mutum.

Amma kwanciyar ba ta zama ba ce, kuma dalili yana cikin yadda ake saita igwa. Masu harbin ba sa ganin kowa. Akwai ɗan leƙe a wani tudu ko saman gini, riƙe da madubin hangen nesa da oba-oba, yana faɗa musu inda harsashi ya faɗi. Na farko ya zarce, sai ya ce a rage. Na biyu ya gaza, sai ya ce a ƙara. Da ya sa mutane a tsakiya, sai ya kira dukkan bindigogin su saki wuta gaba ɗaya. Tsohon soja da ya ga ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa ya san na uku nasa ne. Ɗan tsaikon da ke tsakanin waɗannan harbe-harben gwaji shi ne ƙofar fita.

A tsarin sojojin Amurka, shugaban ayari kan ba da umarni da lissafin agogo: inda aka dosa shi ne ƙarfe 12, dama ƙarfe 3, baya ƙarfe 6, hagu ƙarfe 9. Idan saje ya ce “Ƙarfe uku, mita ɗari biyu!” kowa ya maimaita da ƙarfi don na nesa ya ji, sannan a zabura dama. Ana tafiya a warwatse, domin harsashi guda kada ya kwashe mutum biyar. Wanda ya ji rauni ba a barinsa. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a ɗaure sama da raunin tamau, sauran magani sai an kai tudun mun tsira. A can ne ake ƙirga mutane da makamai, a kuma sanar da na sama lokacin da aka yi harbin, yawan harsasan, da ɓangaren da aka jiyo tashinsu. Wannan rahoto ba aikin takarda ba ne kawai. Da shi, da siffar ramin da harsashi ya bari, da na’urar rada mai bin sawun harsashi a sama, ake gano inda igwar abokan gaba take a mayar mata da martani.

Idan yana cikin rami

Nan hukuncin ya juya: wanda ke da rami ba ya fita. Ana koya wa soja ya fara haƙa da zarar an tsaya, ko da na kwanciya ne mai zurfin kamu ɗaya, sannan ya zurfafa shi har ya kai hammata, ya rufe wani sashe da itace da buhunan yashi. Ƙa’idar sojojin Amurka ita ce rufin ya kai kaurin inci 18, wato kusan santimita 46. Rami matsattse ya fi faffaɗa, ko da yake ya fi wuyar zama.

Yaƙin Somme a Faransa ya nuna ƙarfin kariyar rami. Birtaniya ta yi mako guda tana luguden wuta, ta harba harsasai sama da miliyan ɗaya da rabi, tana zaton ba wanda zai rage. Jamusawa kuwa suna can cikin ɗakunan da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Da wuta ta tsaya da safiyar 1 ga Yuli 1916, suka fito da bindigogi masu sarrafa kansu suka tari masu tahowa. A wannan rana kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga ciki matattu. Daga nan darasi na biyu ya fito, cewa ɗaukewar wuta sau da yawa alama ce dakarun abokan gaba sun kusa. Wanda ya yi nawa wajen ɗago kai, a cikin raminsa za a same shi.

Inda kwanciya ba ta wadatar

A dajin Hurtgen na Jamus a ƙarshen 1944, harsasan Jamusawa kan fashe a kan rassan itatuwa, ƙarfe da tsagin itace su zubo ƙasa kamar ƙanƙara. Sojan Amurka da ya kwanta yadda aka koya masa sai ya zama ya shimfiɗa wa wuta bayansa. Dole suka koyi rungumar gindin itace a tsaye, hular kwano na tare abin da ta iya, suka kuma shiga rufe ramukansu da gungume. A watan Disamba na wannan shekara Amurka ta fara amfani a fagen Turai da harsasan igwa masu na’urar da ke fasa su a sama kafin su taɓa ƙasa. Tun daga lokacin, rami marar rufi rabin kariya ne.

Akwai kuma raunin da ba ya zub da jini. Tun 1915 likitocin Birtaniya, ciki har da Charles Myers, suka rubuta game da sojojin da dogon lugude ya bar su da karkarwa ko ɗaukewar magana. Zama a rami ana jiran harsashi, ba halin ramawa, yana cin zuciya, shi ya sa ake son kofur ko saje ya riƙa kiran mutanensa da suna yana ba su ɗan abin yi.

A yaƙin Yukren tun 2022, ƙananan jirage marasa matuƙi sun karɓi yawancin aikin ɗan leƙe. Suna tsaye a sama suna kallo, suna gyara saiti, suna kuma bin waɗanda suka gudu har maɓoyarsu ta biyu. Tazarar da ke tsakanin a ga soja da a harbe shi ta koma ’yan mintoci, don haka ɓangarorin biyu suka koma tafiya mutum biyu ko uku, suna rufe ramuka da raga da ganye, suna kuma kauce wa bin hanya ɗaya sau biyu.