Fita aikin Allah zuwa ƙauye ko wata ƙasa: tambayoyin da matasa ke yi kafin su ɗaure jaka

Da an yi hutun makaranta ko azumi ya gabato sai sanarwa ta fara yawo a WhatsApp, ana neman masu sa kai da zasu bi ayari zuwa ƙauyukan Nijar ko arewacin Ghana ko wani lungu a nan gida, a yi wa'azi a raba magani a dawo. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wai wa'azi ake zuwa yi ko agaji?

Ya danganta da waɗanda ka bi. 'Yan Tabligi, da Maulana Muhammad Ilyas ya kafa a Mewat ta Indiya a 1926, su ba ruwansu da rabon kaya, fita ce ta kwana 3 ko kwana 40 ko wata 4, a kwana a masallaci, a yi girki da kai, a bi gida gida ana kiran musulmi sallah. Izala kuma tana da wa'azin ƙasa da ake tsallakawa har Nijar da Ghana, 'yan agaji a gaba da kakinsu. Akwai ɗaliban jami'a masu da'awar ƙauye, su ne suka fi haɗawa da duba marasa lafiya da rabon tufafi. A ɓangaren Kirista abin ya daɗe sosai, mishan ɗin SIM tun 1893 mutanenta na farko suka iso, daga cikinta ECWA ta fito a 1954, kuma 'yan SIM ɗin ne suka buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa ta Nijar a 1950 wanda har yau likitoci da nas nas daga Amurka da Turai suke zuwa su yi 'yan makonni ko watanni ba albashi.

Ana biyan mutum wani abu?

A'a, kai ne ma zaka biya. Kuɗin mota, abinci, canjin naira zuwa sefa wanda yanzu shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani. Wasu ƙungiyoyin suna ɗauke nauyin mota da masauki, amma ka tambaya tun a gida kar sai an je Maraɗi a fara kallon kallo.

To ba gara a haɗa kuɗin a tura musu ba, a zauna a gida?

Wannan ita ce tambayar da masu shirya tafiya basa son ji, kuma gaskiya sau da yawa amsar eh ce. Ka ɗauki kuɗin hayar bas da mai da abincin mutum ashirin na sati guda, a wurare da yawa wannan kuɗin zai riƙe malami ɗaya ɗan yankin na tsawon watanni yana karantar da yara kullum da yarensu. Ayari ya zo da lasifika, an yi kwana uku ana kabbara, mutum goma sun karɓi kalmar shahada an ɗauki bidiyo, bas ta tashi, to waye zai koya musu alwala a sati mai zuwa? Wa zai tsaya musu in dangi suka juya baya ko aka hana su gona? Haka rijiyar burtsatse, an tona an manna allo da sunan wanda ya bada sadaka, bayan shekara famfon ya lalace babu wanda aka koya wa gyara babu asusun sayen kayan gyara, mata sun koma rafi.

Mutane suna yawan kawo misalin Dakta Abdurrahman Al-Sumait na Kuwait, wanda ya fara aiki a Afirka a 1981 ya kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Direct Aid, ya rasu a 2013. Abinda ake mantawa shi ne bawan Allahn nan kusan shekara 30 ya yi yana wannan aikin, har tarewa ya yi a Madagaska, makarantu ya gina ya zuba malamai masu albashi. Galmi ma haka, baƙon likita na sati biyu yana da amfani ne saboda ya tarar da asibiti a tsaye da ma'aikata 'yan Nijar da zasu ci gaba da wankin ciwon bayan ya hau jirgi. Toh tafiyar gajeren lokaci tana da daraja idan akwai wanda ke zaune a wurin kuma shi ya ce ku zo, shi ya faɗi abinda ake buƙata. In ba haka ba wallahi wanda ya fi ƙaruwa shi ne matafiyin, ya ga duniya zuciyarsa ta yi laushi, kuma wannan ba laifi bane, kawai a daina cewa an ceto ƙauye.

Ni ba malami bane ba likita ba, ina da abin yi?

Sosai ma. Girki, ɗiban ruwa, tsara layi, rubuta sunaye, tuƙi, tafinta in kana jin Zabarmanci ko Fulatanci ko Faransanci. Abinda ba naka ba shi ne allura da fatawa. A Jinja ta Yuganda wata Ba'amurkiya 'yar mishan da bata yi karatun likita ba ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, yara sama da 100 suka mutu a wurin cikin 'yan shekaru, iyaye suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Namu bai kai nan ba amma ƙanensa ne, ɗan aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya ya rataya abin awo a wuya ana kiransa dakta, a auna tsohuwa a ce hawan jini ne a bata maganin kwana bakwai alhali ciwo ne da ake shan magani har ƙarshen rayuwa, kuma asibiti mafi kusa tafiyar yini ce. Irin aikin da yake yiwuwa a gajeren lokaci shi ne kamar cire yanar ido, shi ma sai da ƙwararre da kuma ranar dawowa a sake duba idon.

Haɗa rabon abinci da wa'azi ba sayen imani bane?

Nan mutane suke rabuwa. Musulmi sun daɗe suna zargin 'yan mishan da shigowa ta asibiti da makaranta, musamman a wajen Maguzawa, sai gashi mu ma wani lokacin buhun shinkafar sai bayan an gama wa'azi ake buɗe shi kuma wanda ya tashi tun farko bai samu ba. Masu karewa zasu kawo maka ayar zakka ta 60 a Suratu Tauba da ta ambaci waɗanda ake lallashin zukatansu, kuma hujja ce ta gaske. Amma aya ta 256 a Baƙara ma tana nan, babu tilas a addini, kuma mai jin yunwa da aka ce sai ya zauna kafin ya ci ban ga inda zaɓinsa yake ba. A ganina a raba wa kowa, mai salla da mara salla, wa'azi kuma a yi shi a fili wanda ya so ya zauna.

Wane takardu ake buƙata in za'a tsallaka iyaka?

Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara wato yalo kad, Ghana basa wasa da shi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka a binciki halin da boda take ciki a satin tafiyar, kar a dogara da labarin bara. In lokacin zafi ne a yi rigakafin sanƙarau. Sannan takardar gayyata daga masallaci ko cocin da zai karɓe ku, kuma da an sauka a fara da gaida mai gari da sanar da hukuma kafin a kunna lasifika.

Tsaro fa?

Kar tawakkali ya sa a ƙi jin magana. An sace wani ɗan mishan Ba'amurke a Abalak ta Nijar a 2016 sai 2023 aka sako shi, an ɗauke wani fada, wato limamin cocin Katolika, ɗan Italiya a yankin Tillaberi na Nijar a 2018 ya yi shekara biyu a hannu, kuma waɗannan mutane ne da suka daɗe a wurin kowa ya san su. Hula da gemu ma basa hana ɗan bindiga tare hanya, mutanen Zamfara da Katsina sun fi kowa sani. In 'yan gari suka ce kar a bi hanya kaza ko kar a kwana, to a bi maganarsu ko da an riga an biya kuɗin mota, kuma ba tafiyar dare.

Zan iya ɗaukar hoto in saka a Facebook?

Hoton rijiya da ajin karatu ka ɗauka, masu bada gudummawa suna da haƙƙin ganin inda kuɗinsu ya shiga. Amma fuskar maraya da kwano a hannu, ko matar da ta musulunta jiya dangin mijinta basu sani ba tukuna, wannan hoton zai iya isa ƙauyen kafin ku iso gida. A nemi izini, in aka ga mutum yana ɗari ɗari a mayar da wayar aljihu.