Waiwaye kan aikin yanar ido da matsalolin da ke biyo bayansa

Duk wanda ya taso a Marwa ko Garwa ko Kusuri ya san irin tsohon nan mai gilashi mai kauri kamar gindin kwalba, an ɗaure ƙafar gilashin da zare, in ya cire ko fuskar jikansa baya ganewa. Yawancinsu an taɓa musu aikin yana ne ba a sa komai a madadin abin da aka kawar ba.

Ita yana ba fata bace da ta rufe ido daga waje. Akwai wata 'yar ƙwaya garau a cikin ido mai tattara haske, ita ce ke dushewa saboda tsufa ko ciwon suga ko bugu. Aikin da yafi daɗewa shine a soka tsinke ta gefen ido a ture ƙwayar ta faɗa ciki, Sushruta na Indiya ya rubuta shi tun zamanin da. Wajen shekara ta 1000 wani likita ɗan Mosul, Ammar al-Mausili, ya ƙera allura mai rami yana zuƙo yanar in mai laushi ce. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara fiddo ta waje, a 1949 Harold Ridley a Landan ya dasa ƙwayar roba ta farko bayan ya lura ɓarɓashin roba da ya shiga idon matuƙan jirgin yaƙi yana zama lafiya lau, sai 1967 Charles Kelman a Amurka ya kawo injin da ke farfasa yanar ta 'yar ƙaramar kafa.

Toh amma mu nan tsohon aikin bai mutu ba wallahi. Mai aikin zai sauka gari, ya zaunar da tsoho a zaure, ya soka, ya ɗaga yatsu yace Baba nawa ne nan, Baba yace uku, a yi kabbara a biya shi, kafin sati ya bar garin. Daga baya ne ido zai yi jajir, ciwon kai ya hana barci, domin ƙwayar tana nan kwance a ciki tana jawo kumburi da hawan jinin ido, wani ma ta yi yawo ta dawo gaba ta toshe hanyar ruwan ido. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana turawa aka yi, kuma fiye da kashi 70 na waɗannan a makance aka same su. Faɗawar ƙwaya cikin ido, in ta faru a tiyata, haɗari ne babba da sai likitan bayan ido ke iya gyarawa, shi kuwa mai turawa da tsinke da gangan yake yi.

Ba wai aikin asibiti bashi da nashi bane. Jakar da ke riƙe ƙwaya tana iya yagewa, in ba a auna ido ba ƙwayar robar tana iya ƙin dacewa. Mafi muni shine ƙwayoyin cuta su shiga, in kwana biyu ko biyar bayan aiki zafi ya ƙaru gani ya ragu, ranar ake komawa ba gobe ba. Akwai kuma wanda bayan shekara biyu zai ce yana ta dawo, alhali jakar ce ta yi hazo, mintuna kaɗan da leza an buɗe ta. Masu kuɗin da suka je waje aka gyara musu gani da aikin leza da ake kira LASIK su ma dan Allah su adana takardunsu, ranar da yana ta zo lissafin ƙwayar robar da za ta dace da su yana wahala.

Abin da yafi damuna shine maganar nan ta a bari sai ta nuna. Zamanin da ne ake jira. Yana in ta wuce lokaci tana kumbura ko ta narke ta tayar da hawan jinin ido ta kashe jijiya, lokacin ko an cire babu gani. Ƙungiyar Ophtalmo Sans Frontières ta daɗe tana aikin ido a arewacin Kamaru, irin su Lagdo da Yagwa, har mutanen Najeriya da Chadi suna tsallakowa, amma wanda ya fito daga ƙauye da damina, kuɗin mota da na ɗan rakiya kaɗai kan hana shi komawa a duba idon bayan aiki.